Na'urar Da Ke Barci Ranar Ambaliya

Akwai wata 'yar na'ura da na taɓa haɗawa, ba ta kai girman tafin hannu ba. Aikinta ɗaya ne: ta auna tsayin ruwa a wata magudana, ta aika lambar ta rediyo zuwa babbar tashar da ke tattara bayanai. Na ɗora mata ɗan farantin sola a ka, na sa mata ma'ajiyar wuta a ciki, na rufe akwatin na tafi, zuciyata na cewa na rabu da canjin batir. Makonni ta yi tana aiki lafiya lau. Sai hadari ya haɗu, sama ta rufe kwana huɗu a jere, ruwa ya yi ta sauka ba ƙaƙƙautawa. A daren kwana na uku saƙonninta suka ɗauke. Ruwan da na ajiye ta domin ta ba ni labarinsa yana ta hauhawa, ita kuwa tana nan a maƙale, babu ko ɗigon wuta a cikinta.

Da na kwanto ta na ajiye a bakin taga na jona mata ma'aunin wuta, abin da na gani ya fi mutuwar tata damuna. Haske na shigowa, ƙarfin wutar da ke ma'ajiyar ya fara hawa a hankali. Yana kaiwa matakin da ƙwaƙwalwarta ke iya tashi, sai ta farka. Tana farkawa sai ta kunna rediyo don neman 'yan'uwanta. Rediyon ya zuƙe ɗan abin da ta tara, allurar ma'aunin ta faɗo, ta sake mutuwa. Bayan 'yan mintuna ta ƙara farkawa, ta ƙara faɗuwa. Haka ta yi ta yi har rana ta take, tana ƙone kowane ɗigon da ya shigo ba tare da ta aika ko saƙo ɗaya ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wannan na'ura ba ta da shi. Gyaran bai da wuya: a hana ta tashi sai wutar ta kai wani mataki can sama, a kuma hana ta kunna rediyo sai ta tabbata tana da abin da zai kai ta ƙarshen saƙon. Amma tun daga ranar na daina yarda da duk wanda ya ce mini na'urarsa tana cin wuta daga rana, saboda haka ba ta mutuwa.

Wannan magana ta wuce teburina. Yau ana ta warwatsa irin waɗannan na'urori a kan gadoji, a bakin koguna, cikin dazuzzuka, a jikin bututun mai da na ruwa, a gonaki da ma'aikatu. Kowace tana auna abu ɗaya ko biyu, zafi ko danshi ko girgiza ko hayaƙi, sannan ta miƙa wa ta kusa da ita har labarin ya isa inda ake jiransa. Hukumomi da kamfanoni ne ke sayensu, sau da yawa da kuɗin jama'a, kuma rayukan jama'a ake jingina wa wasu daga cikinsu. Ra'ayina a taƙaice shi ne: samo wutar ba shi ne babban aikin ba, babban aikin shi ne yadda ake ajiye ta da yadda ake kashe ta, kuma ma'aunin da ya kamata a ɗora kowane irin tsari a kai shi ne makonsa mafi muni. Matsakaicin shekara ba ya gaya maka komai game da daren da ruwa zai zo.

Mafarkin ya daɗe. Tun a ƙarshen shekarun 1990 Kris Pister da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fito da tunanin na'urori ƙanana kamar ƙura, masu aunawa su kuma yi magana da juna. A 2002 masu bincike suka kai na'urori 32 tsibirin Great Duck da ke jihar Maine a Amurka, suka sa wasu a ramukan da wani tsuntsun teku ke ƙwai, don a lura da shi ba tare da ƙafar mutum ta dame shi ba. Batir na yau da kullum suke amfani da shi, an kuma yi lissafin tsawon ransu a takarda. Da yawa ba su kai ba, danshi da ruwa suka shiga suka gama da su tun kafin lokacin. A 2006 aka jera na'urori 64 a gadar Golden Gate don auna girgizarta. Kowane gwaji na dawowa da tambaya guda: wa zai riƙa hawa can yana canja batir? Daga nan hankali ya koma kan tsintar wuta daga abin da ke kewaye, wato hasken rana, bambancin zafi tsakanin bututu da iska, girgizar inji, har da danna maɓalli da yatsa, wanda kamfanin EnOcean na Jamus, da ya ɓalle daga Siemens a 2001, ya gina kasuwancinsa a kai.

To amma ina wutar take tafiya? Mutane da yawa na zaton aika saƙo ne ke cinye ta. Akwai wani guntun rediyo mai suna CC2420 da aka daɗe ana amfani da shi a wannan fanni. Idan yana aikawa yana jan miliamfiya 17.4 (ma'aunin yawan wutar da ake ja), idan kuwa yana saurare kawai yana jan 18.8. Kasa kunne ya fi magana tsada. Ɗauki batir AA mai ɗaukar kimanin miliamfiya-awa 2,500. Ka bar rediyon nan a kunne dare da rana, cikin kwana biyar da rabi ya ƙare. Ka sa shi ya yi barci kashi 99 cikin 100 na lokacinsa, sai batirin ya kai kusan shekara ɗaya da rabi. Don haka rayuwar waɗannan na'urori barci ce, da ɗan farkawa na ƙiftawar ido. Duk wata dabara ta sarrafa wuta a nan, in ka tone ta, hukunci ce a kan yaushe za a farka, har tsawon wane lokaci, kuma don me.

Abin da ke shigowa kuma ba ya da alƙawari. Rana tsaka, sama tas, kowace murabba'in mita na samun kusan wat 1,000 na haske, ƙaramin faranti kuma ya juya kashi 15 zuwa 20 cikin 100 nasa zuwa lantarki. Gajimare mai kauri na iya saukar da wannan zuwa kashi ɗaya cikin goma, wani lokaci ƙasa da haka. A cikin ofis, inda hasken fitila bai wuce laks 500 (ma'aunin haske) ba alhali na rana na kaiwa 100,000, abin da ake samu kaɗan ne ƙwarai. Ga ƙura da kashin tsuntsu da ganyen da ya tsiro bayan an kafa na'urar ya yi mata inuwa. Mai sayarwa yakan nuna maka lambar tsakar rana. Ba ƙarya ya yi ba, sai dai lambar ta awa uku ce ko huɗu cikin ashirin da huɗu.

Nan ne ma'ajiya ke shigowa, kuma nan na fi son in tsaya, don nan ake yawan yin sakaci. Zaɓi biyu ne manya. Akwai batir mai caji, akwai kuma babbar kafasita, wato ma'ajiyar da ke tara wuta ba ta hanyar sinadarai irin na batir ba, wadda ake kira sufakafasita. Batirin litiyam yana ɗaukar wuta mai yawa a ɗan wuri, amma kowane caji da saukewa yana rage masa rai, kuma irin na yau da kullum yakan fara gajiya bayan zagaye ɗaruruwa. Na'urar sola kuwa tana zagaye ɗaya a kowace rana ta Allah, ka ga shekara biyu ko uku sun isa a fara ganin rauni. Ba a so a caja shi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 0, domin litiyam ɗin na taruwa a inda bai kamata ba ya lalata shi, kuma yawancin masu ƙera shi sun hana caji sama da digiri 45. Ka tuna akwatin a rufe yake ruf don kada ruwa ya shiga, kuma a cikin rana yake zaune. Lokacin da wuta ta fi samuwa shi ne lokacin da cikin akwatin ya fi zafi, wato lokacin da batirin ya fi ƙin karɓarta.

Sufakafasita ba ta da wannan gajiyar, tana jure zagaye dubu ɗaruruwa. Shi ya sa ake son ta, ni ma ina son ta. Amma a yi mata lissafi na gaskiya. Mai girman farad 10 da aka cika zuwa bolt 2.7 tana riƙe da jul 36 kacal (jul ma'aunin makamashi ne), alhali batir AA ɗaya na riƙe da sama da jul 10,000. Kuma ba duka 36 ɗin ne naka ba. Idan ƙwaƙwalwar na'urar na mutuwa a bolt 1.8, jul 16 za su rage a ciki ba ka iya taɓa su, sai ka ƙara wani sashe mai ɗaga ƙarfin wuta, shi ma yana cin nasa. Saura jul 20. Na'urar da muka lissafa ɗazu, mai farkawa kashi 1 cikin 100, tana buƙatar kimanin jul 24 a bolt 3 don ta ƙetare dare mai awa 12. Ba za ta ga asuba ba. Ban ma sa yoyon da kafasitar ke yi da kanta ba, wanda ya fi yawa lokacin da take cike, ko yadda zafi ke busar da ruwan cikinta har ranta ya ragu da kusan rabi a duk ƙarin digiri 10.

Masu bincike sun ga wannan da wuri. A 2005 wasu a Berkeley suka haɗa wani tsari mai suna Prometheus, inda kafasita ke ɗaukar hawa da saukar kullum, batirin litiyam kuma ya zauna a baya, ba a taɓa shi sai an shiga matsi. Sun lissafa cewa zai kai shekara 43 idan na'urar na aiki kashi 1 cikin 100 na lokaci, shekara 4 idan kashi 10 ne, shekara 1 idan ba ta barci. Dubi tazarar. Kayan ɗaya ne, rana ɗaya ce, abin da ya bambanta shi ne yadda ake kashewa. A 2007 Aman Kansal da Mani Srivastava da abokansu a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles suka tsara ƙa'idar da har yau ake tafiya a kanta: kada na'ura ta kashe fiye da abin da take samu. Suka raba yini gida 48, rabin awa kowane, na'urar na tuna abin da ta samu a kowane gida a kwanakin baya, tana hasashen na gobe, tana daidaita farkawarta da shi. Wuta ta yi yawa, ta ƙara aunawa. Ta yi ƙaranci, ta ƙara barci.

Ƙa'ida ce mai kyau, kuma ina girmama ta. Matsalata da ita ita ce yadda ake ɗaukarta a dasa ko'ina ba tare da an tambayi abin da na'urar ke gadi ba. Idan danshin ƙasa take aunawa, ta rage aiki a ranar gajimare babu wanda ya cutu. Amma mai gadin kogi fa? Ambaliya tana zuwa ne bayan kwanakin ruwa, wato bayan kwanakin da ba rana. Zaftarewar ƙasa ma haka. Hayaƙin gobarar daji yana tare hasken da farantin ke jira. Dusar ƙanƙarar da ke danne rufin gini ita ce ke rufe farantin da ke kansa. A duk waɗannan, haɗarin da ƙarancin wutar tare suke zuwa, uwarsu ɗaya. Manhajar da aka koya wa ta ƙara barci idan wuta ta ragu za ta yi biyayya, ta tsawaita tazarar aunawa daga minti biyar zuwa awa ɗaya a daidai daren da minti biyar ke raba tsira da halaka. Ta cika ƙa'idarta, ba ta mutu ba, amma amfanin da aka saye ta dominsa ya tafi.

Saboda haka nake ganin dole ne a raba ma'ajiyar gida biyu, ko a kayan ko a manhaja. Kaso ɗaya na hidimar kullum, a yi ta ja da sassautawa da shi yadda ake so. Ɗaya kason a kulle shi, kada rahoton yau da kullum ya taɓa shi ko da na'urar za ta yi shiru na yini guda, sai an ga alamar abin da ake tsoro. Kuma gano alamar bai kamata ya jira farkawar babbar ƙwaƙwalwa ba. Ana iya barin wani ɗan sashe mai cin wuta kaɗan ƙwarai, kamar maɓallin da ruwa ke ɗagawa, ya zauna a faɗake, shi zai tashe ta idan lokaci ya yi. Girman wannan kaso kuma a ciro shi daga tarihin yanayin wurin: kwana nawa ne mafi tsawo da aka taɓa yi a jere ba rana, sai a ƙara a kai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani abu kuma da ke ɓoye idan ana duba na'ura ɗaya-ɗaya. A tsarin da saƙo ke tsallakawa daga wannan zuwa waccan, waɗanda ke kusa da babbar tasha su ne ke ɗaukar kayan kowa. Su ke fara ƙarewa, kuma idan suka faɗi, duk na bayansu sun yanke ko da cike suke da wuta. In aka yi rashin sa'a wadda ke wannan matsayi ita ce a ƙarƙashin inuwa, to ƙarfin dukan tsarin bai wuce nata ba. Hanyar saƙo ya kamata ta riƙa bin inda wuta take, tana kauce wa mai rauni. Fasahar rediyo mai dogon zango ta LoRa, wadda kamfanin Semtech ya samu da sayen kamfanin Cycleo na Faransa a 2012, ta rage wannan damuwa tunda kowace na'ura na iya magana kai tsaye da tasha mai nisan kilomitoci. Sai dai wadda ta fi nisa ta fi daɗewa a iska kan kowane saƙo, ta fi kashe wuta, don haka rashin daidaiton ya canja wuri ne kawai.

Na san abin da wasu injiniyoyi za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce duk wannan wahala ta me? Akwai batirin litiyam mara caji, irin wanda ake sa wa mitocin ruwa da na gas, da ke zubar da kusan kashi 1 cikin 100 kawai a shekara, yana kai shekara goma ko fiye. Ba faranti, ba yoyo, ba hasashe. Gaskiya ne, kuma a wurare da yawa shi ne zaɓin hankali. Na'urar da ke aika lamba ɗaya a yini daga cikin rami mai duhu ba ta da abin yi da sola. Ban yarda a liƙa faranti a kan komai don kawai a ce an kare muhalli ba, domin batirin caji da ya mutu cikin shekara biyu a rufaffen akwati shara ce shi ma, har ya ja farantin da allon lantarkin su bi shi bola. Amma batir mara caji yana da ranar ƙarewa, kuma idan na'urori dubbai ne aka kafa a shekara ɗaya, a shekara ɗaya za su ƙare. Wa ya ware kuɗin zagayawa a canja? Wa zai kwaso matattun daga daji da bakin ruwa? Tarayyar Turai ta kafa dokar batir a 2023, wadda daga Fabrairun 2027 za ta wajabta, tare da wasu keɓancewa, cewa batirin kayan hannu ya zama mai ciruwa da canzuwa. Wannan tunani ya dace ya bi na'urorin aune duk inda aka kafa su. Ni a ganina, ga abin da ke gadin rai, a haɗa biyun: girbin rana ya ɗauki nauyin kullum, ƙaramin batir mara caji ya zama kason nan da aka kulle.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shiru. A allon mai lura, na'urar da ba ta ga komai ba da na'urar da ta mutu suna iya kama da juna: babu ƙararrawa. Mutum ya duba ya ga babu ja, ya koma ya kwanta. Na fi tsoron wannan a kan rashin na'urar gaba ɗaya, domin inda ba a kafa komai ba mutane na fita su duba kogin da idonsu, inda aka kafa kuwa sun sakankance. Dole kowace na'ura ta riƙa faɗin yawan wutar da ta rage mata a cikin kowane saƙo, bayani ne da bai wuce bayit ɗaya ko biyu ba. Dole ta ajiye abin da zai ishe ta saƙon ƙarshe, ta ce ga ni zan ɗauke, kamar yadda mitocin lantarki na zamani ke yi idan wuta ta yanke. Dole kuma allon ya nuna shirun da ya wuce ƙa'ida da launin haɗari, a aika mutum. Idan ta farfaɗo, ta tarar agogonta bai ɓace ba, bayanan da ta tara suna nan a ƙwaƙwalwar da ba ta gogewa da ɗaukewar wuta, don kada ta sake ƙone abin da ta tara wajen neman sanin ƙarfe nawa.

Duk waɗannan abubuwa ne da mai saye zai iya rubutawa a takardar kwangila, kuma a nan nake ganin nauyin hukumomi. Kada a tsaya a tambayar wat nawa farantin ke bayarwa. A tambayi kwana nawa na'urar za ta yi a duhu tana aiki a cikakken mataki, da batirin da ya shekara uku, a zafin da akwatin ke kaiwa da rana. A tambayi me take yankewa farko idan wuta ta ragu, me kuma ba ta taɓa yankewa. A nemi a ga yadda take tashi daga sifili. Gwajin ba ya buƙatar ɗakin bincike: a rufe farantin da baƙin ƙyalle, a ƙirga kwanaki, sannan a rana ta ƙarshe a zuba ruwa a kan ma'aunin ruwan na'urar a ga ko ƙararrawa za ta iso.

Tawa na'urar na mayar da ita bakin magudanar bayan na gyara matakin tashinta, na ƙara mata ƙaramin batir da ba ta taɓawa sai maɓallin ruwa ya ɗaga. Kafin in ɗaure ta, na naɗe farantin da baƙar leda na bar ta a kan tebur. Ta rage rahotonta a kwana na biyu, ta ƙara ragewa a na huɗu, kowane saƙo na ɗauke da lambar wutar da ta rage. A kwana na bakwai na tsoma ma'aunin ruwan a bokiti, kafin in goge hannuna saƙon ya shigo.